RA'AYI: Litiyam ɗin Nasarawa da abin da zai rage wa Keffi bayan an kwashe dutsen

A ranar 10 ga Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam ta kamfanin Avatar a Ƙaramar Hukumar Nasarawa, kudu da Keffi. Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, shi ya wakilci Shugaba Bola Tinubu a wajen bikin, inda aka shaida wa jama'a cewa injinan za su iya sarrafa tan 4,000 na dutse a kowace rana. Wata bakwai kafin wannan rana, a Oktoban 2023, an aza harsashin wata masana'antar a Endo da ke yankin Udege, wadda aka ce za ta ci dala miliyan 250. Wata bakwai kuma bayan bikin, a Disamban 2024, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoton bincike daga ƙauyen Pasali na jihar, wanda ya nuna ƙananan yara, har da mai shekara 6, suna zaune cikin ƙura suna fasa dutsen litiyam suna tsince shi a ramukan da ba su da lasisi, a lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Waɗannan al'amura uku sun faru ne a jiha ɗaya, a kan dutse iri ɗaya, cikin wata goma sha huɗu kacal. Mai yabon gwamnati yakan ɗauki biyun farko ya yi shiru a kan na uku, mai suka kuma yakan ɗauki na uku ya manta da sauran. Gaskiyar ita ce dukansu 'ya'yan tsari ɗaya ne. Manufar kimiyya da fasaha, wadda mutane da yawa ke ɗauka takarda ce da ake ƙaddamarwa a ɗakunan taron Abuja a ajiye a durowa, ita ce ke yanke wanda zai koyi sarrafa inji da wanda zai ci gaba da riƙe guduma. Ita ce kuma ke yanke ko ruwan rijiyar ƙauye zai shawu nan da shekara ashirin.

Babu garin da wannan magana ta fi shafa kamar Keffi. Garin yana da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, a mararrabar hanyoyin da suka nufi Akwanga da garin Nasarawa da kudancin Kaduna, kuma shi ne cibiyar ilimi ta shiyyar yammacin jihar. A nan Jami'ar Jihar Nasarawa take, tare da sashenta na nazarin duwatsu da haƙar ma'adinai. A nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, haka ma Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949, wadda ta yaye mutane irin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kaɗan daga kudu akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa, tun daga 1983. Ƙasar da ke tsakanin Keffi da Akwanga da Wamba an daɗe da saninta da kuza da tantalait da duwatsun ado masu daraja, kuma a irin jijiyoyin dutsen da ke ɗauke da waɗannan ne litiyam yakan zauna. Allah Ya haɗa wa yankin ma'adinin da makarantun a wuri guda. Abin da ya rage wa mahukunta shi ne su haɗa su a aikace.

Domin a gane inda ribar take, sai an bi dutsen daga rami zuwa aljihu. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa masana uku lambar Nobel a 2019, shi ne ke riƙe wuta a wayar salula da kwamfuta da motar lantarki da yawancin na'urorin sola na zamani. Dutsen da ake haƙowa ba ya ɗauke da litiyam sai ɗan kaɗan, galibi kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Matakin farko shi ne a farfasa shi, a niƙa, a wanke da ruwa da sinadarai, har a samu tataccen gari mai kusan kashi 6 cikin ɗari. Mataki na biyu ya fi wuya: ana gasa garin a zafin da ya haura digiri 1,000, a jiƙa shi da asid, a tace har a fitar da gishirin litiyam mai tsabta, kuma sai an yi amfani da kusan tan takwas na garin kafin a samu tan ɗaya na gishirin. Daga nan a haɗa sinadaran cikin batir, a ƙera ƙwayoyin batirin, sannan a harhaɗa su. Kowane mataki ya fi na bayansa kuɗi, ya kuma fi shi buƙatar ilimi. Ostireliya ce ke kan gaba wajen haƙa, amma Sin ce ke tace fiye da rabin litiyam na duniya, kuma ita ce ke ƙera mafi yawan batura.

Dole a yaba wa abin da ya cancanci yabo. Tun da ya kama aiki a Agustan 2023, Ministan Ma'adinai Dele Alake ya riƙa nanata cewa ba za a ba kamfani lasisi ba sai ya nuna shirin sarrafa ma'adinin a cikin gida. Gwamna Abdullahi Sule, wanda shi kansa injiniya ne, ya ɗauki irin wannan matsayi a matakin jiha, ya nace cewa wanda zai haƙa a Nasarawa sai ya sarrafa a Nasarawa. Ba don wannan tsayin daka ba, da ɗanyen dutse kawai za a ci gaba da lodawa a tirela zuwa tashar jiragen ruwa. Masana'antun da suka tashi sun kawo albashi da haraji, sun kuma nuna cewa idan gwamnati ta kafa sharaɗi ta tsaya a kai, mai jari yana bi.

Sai dai kalmar "ƙara daraja" tana da faɗi, kuma a cikin faɗin nata ake ɓacewa. Abin da masana'antun litiyam na Afirka suka fi yi zuwa yanzu shi ne matakin farko, wato niƙa da wanki, sannan tataccen garin ya tafi ƙetare inda sauran matakan suke. Najeriya ba ta ƙera ƙwayar batirin litiyam a babban mataki, shigo da ita take yi da dala. Idan ma'aunin nasara shi ne yawan tan da girman gini da adadin baƙin da suka zo yanke ƙyalle, to an riga an yi nasara. Amma akwai wani ma'aunin da ya fi wannan nauyi: mutum nawa daga cikin 'yan ƙasa suka iya tsara aikin tacewa, suka iya gyara injin idan ya tsaya, suka iya auna ingancin dutse ba tare da jiran wani ba? Gini yana tsufa, jijiyar dutse tana ƙarewa, kamfani yana naɗe tabarmarsa idan kasuwa ta juya. Ilimin da ya shiga kan mutanen gari ne kaɗai ba a lodawa a tirela.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da wannan. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos, har Najeriya ta shiga sahun manyan masu fitar da ita a duniya, ta kuma zama kan gaba a kwalambait a shekarun 1950. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a filayen kuza. An gina wurin narkar da kuza a Makeri a farkon shekarun 1960, wato an "ƙara daraja" tun a wancan zamani. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage wa Filato shi ne ɗaruruwan kududdufai masu cin dabbobi da mutane, da gonakin da ba su noma. Yankin Udege, inda aka aza harsashin sabuwar masana'antar litiyam, shi ma yana ɗauke da tsofaffin ramukan kuza da kwalambait na wancan zamani. Dattawan wurin ba sa buƙatar a ba su labari. Kura ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi ya tafi.

Man fetur ma darasi ne. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma sai a 2010 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni amfani da ma'aikata da kayan cikin gida, ta kuma ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kwangiloli domin gina ƙwarewar 'yan ƙasa. Dokar ta yi tasiri, domin yau akwai kamfanonin Najeriya da ke gudanar da ayyukan da a da ake cewa sai baƙo. Amma ta zo ne bayan fiye da shekara hamsin, bayan an gurɓata koguna, bayan an rasa tsararraki biyu na injiniyoyi. Litiyam ba zai jira Najeriya shekara hamsin ba.

Ƙasashen da suka ci moriyar ma'adinansu sun yi hakan ne da gangan. Sin ba ta wayi gari ta ga kanta a kan gaba ba. Ta shafe shekaru tana sharɗanta wa kamfanonin motoci na waje haɗin gwiwa da na gida, ta fara tallafa wa motocin lantarki tun 2009, ta zuba kuɗi a jami'o'i, har kamfanin CATL da aka kafa a 2011 ya zama mafi girman mai ƙera batir a duniya. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairun 2020, ta jure ƙarar da Tarayyar Turai ta kai ta gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, ta kuma ga masana'antun narkarwa sun tashi a ƙasarta. Sai dai ta biya farashi: hayaƙin kwal, sare dazuzzuka, da haɗurra irin fashewar tanderun da ta kashe ma'aikata kusan ashirin a Morowali a Disamban 2023. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam a Disamban 2022, Namibiya ta bi sahu a 2023, daga baya Zimbabuwe ta ga cewa tataccen garin ma bai isa ba, ta sanar da niyyar hana fitar da shi. Abin lura a nan shi ne hani kaɗai yana kawo masana'anta, amma ba ya kawo ilimi ko kariya sai an rubuta su daban an kuma bi su.

Najeriya ba ta rasa takardu ba. Ta fitar da manufar kimiyya da fasaha ta farko a 1986, ta sabunta ta sau da dama, ciki har da 2012 da 2022. Tana da hukumar NOTAP, wadda aikinta shi ne rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje da tabbatar da cewa 'yan ƙasa sun koya. Tana da majalisar binciken albarkatun masana'antu, RMRDC, tun 1987, da hukumar NASENI tun 1992. A Fabrairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan kimiyya da injiniyanci, kada kuma a shigo da baƙo domin aikin da ɗan ƙasa zai iya. Matsalar ita ce kowace hukuma tana jan nata zaren. Mai ba da lasisin haƙa yana ma'aikata ɗaya, mai kula da bincike yana wata, mai kula da jami'o'i yana wata, mai duba muhalli yana wata, mai ba baƙi izinin aiki kuma yana can dabam. Tarayyar Afirka ta daɗe da amincewa kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta a kan bincike, kuma Najeriya tana ƙasa da wannan, alhali Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi huɗu. Da irin wannan rarrabuwa, ɗalibi zai iya gama karatun duwatsu a Keffi bai taɓa taka ƙafarsa cikin masana'antar da ke ƙaramar hukumar maƙwabta ba.

Maganar yaran Pasali kuwa ta wuce maganar tattalin arziki, ta zama ta halal da haram. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole ta 2004, ta kuma amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai hana sa yara ayyuka masu haɗari. Duk da haka rahoton AP ya nuna cewa dutsen da yara suka tsince yana shiga kasuwa, masu saye kuma ba sa tambayar daga ina ya fito. Duniya tana kiran batirin litiyam makamashi mai tsabta. Tsabtar da aka gina a kan huhun yarinya 'yar shekara 6 da kuma shekarun karatunta tana buƙatar a sake duba sunanta. Kongo, wadda ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt na duniya, ta sha wannan tambari har ya manne mata. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Akwai masu cewa talauci ne ke kai iyaye da 'ya'yansu bakin rami, kuma idan aka kore su yunwa za ta kashe su. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, shi ya sa ƙarfin bindiga kaɗai ba zai magance matsalar ba. A Maris ɗin 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rundunar tsaron ma'adinai mai jami'ai fiye da 2,000 daga hukumar tsaron farin kaya. Suna da amfani wajen manyan ɓarayi, amma idan aka rufe rami ɗaya ba a ba mutane mafita ba, gobe za su buɗe wani a bayan dutse. Inda ya fi sauƙin kamawa shi ne wajen mai saye. Masu haƙa dubbai ne, sun bazu a daji. Manyan masu saye da masana'antu kuwa ƙidayayyu ne, suna da adireshi da lasisi da asusun banki. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi ƙungiyoyin gama-kai na ƙananan masu haƙa, akwai kuma tsarin cibiyoyin sayen ma'adinai masu lasisi. Idan aka wajabta wa kowane mai saye ya rubuta ramin da kowane lodi ya fito, da ƙungiyar da ta sayar, ya kuma rasa lasisinsa idan aka samu yaro a ramin, to dillali da kansa zai zama mai gadin makaranta. Kasuwar duniya ma can ta nufa, domin dokar batir da Tarayyar Turai ta yi a 2023 ta buƙaci manyan kamfanoni su binciki asalin ma'adinan da suke amfani da su.

Lafiya da muhalli su ne ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara aƙalla 400 suka mutu sakamakon gubar dalma, bayan da tashin farashin zinare ya sa mutane suka riƙa kai dutse cikin gidaje suna niƙawa da injin niƙan hatsi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dutsen litiyam ba shi da irin gubar dalma, kuma bai dace a tsorata jama'a da abin da babu ba. Nasa haɗarin daban ne. Ƙurar da ke tashi wajen fasa shi tana cike da ƙananan ɓarɓashin ƙanƙarar dutse da ke maƙalewa a huhu, ta haifar da ciwon da ba ya bayyana sai bayan shekaru, kuma ba shi da magani. Ramukan da ake tonawa ba tare da tokari ba suna ruftawa, musamman da damina. Sannan akwai lissafin da kowa zai iya yi: idan masana'anta ta niƙa tan 4,000 a rana, mafi yawansa ba litiyam ba ne, dusar dutse ce da laka da za su zauna a ƙasar Nasarawa har abada, aikin wankin kuma yana shan ruwa mai yawa. Ina ake zuba dusar? Wane rafi ake ɗiba? Wa ya auna ruwan rijiyoyin kafin a fara aiki? Idan ba a auna yau ba, ranar da cuta ta ɓulla babu mai iya tabbatar da sanadinta, kamfani zai ce daman haka ruwan yake.

A nan ne ilimi ke zama kariya ga talaka. Dokar 2007 ta wajabta wa mai babban lasisi ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen da zai yi aiki a ƙasarsu, ta kuma tanadi asusun gyaran muhalli. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. Amma yarjejeniyar da aka rubuta da Turancin lauyoyi, aka sa hannu a fadar mai gari, aka kulle a ofis, ba ta kai matsayin yardar jama'a ba. Manomin Afo ko Gwandara ko Gbagyi ko Gade da zai rasa gonarsa yana da haƙƙin jin abin da aka amince da shi a madadinsa cikin harshen da yake ji. Haka ma a wajen ciniki. Litiyam sinadari ne maras nauyi ƙwarai, har ƙaramar na'urar hannu da aka saba auna kuza da tantalait da ita ba ta iya ganinsa, sai wata na'urar ta musamman ko ɗakin gwaje-gwaje. Mai haƙa ba shi da ko ɗaya. Wanda ke da ma'auni shi ke yanke daraja, wanda ke yanke daraja kuma shi ke yanke farashi.

Za a ce yawan sharuɗɗa yana korar masu zuba jari, musamman idan kasuwa ta yi sanyi. Gaskiya ne farashin litiyam, wanda ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari a cikin shekara biyu, har wasu ma'adinai a Ostireliya suka dakatar da aiki. Gaskiya ne kuma masana suna haɓaka batirin sodiyam, wanda sinadarinsa ke cikin gishirin miya, kuma zai iya karɓe wani ɓangare na kasuwa. Amma wannan hujja ce ta a gaggauta karɓar abin da ba ya faɗuwa tare da farashi. Ɗaukar ɗalibai hamsin horo a shekara, ko bari a auna ruwan rafi, ko rubuta asalin lodi, ba su ne za su karya kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli ba. Abin da ya fi korar mai jari na ƙwarai shi ne rashin tabbas, da haraji barkatai, da rashin tsaro, da rashin wuta. Wanda kuma zai gudu saboda an ce kada ya sayi dutsen da yara suka fasa, tafiyarsa ta fi zamansa alheri.

Za a kuma ce jiha ba ta da iko, tunda sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya danƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Haka ne, amma ikon jiha bai ƙare ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci na jiha ne da ƙananan hukumomi. Jami'ar Keffi ta jiha ce. Kason kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihohin da ake samun albarkatu a ƙasarsu ya shafi ma'adinai kamar yadda ya shafi fetur. Gwamnatin da ta iya sa kamfani ya gina masana'anta tana iya sa shi ya buɗe ƙofarta ga ɗalibai.

Saboda haka akwai ayyukan da za a iya farawa ba tare da jiran sabuwar doka ba. Na farko, a kafa ɗakin gwajin ma'adinai mai zaman kansa a Jami'ar Keffi, da reshe a Kwalejin Fasaha ta Nasarawa, inda ƙungiyar masu haƙa za ta kai samfuri ta karɓi takardar da mai saye ba zai musa ba. Asusun TETFund an kafa shi ne domin irin wannan. Na biyu, kowace yarjejeniya da masana'anta ta ƙunshi adadin injiniyoyi da masu gyaran injin da za a horar, da shekarar da za su karɓi kowane muƙami, a yi mata rajista a NOTAP, a kuma wallafa ta. Na uku, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi tare da jami'ar su fara auna ruwa da ƙasa da huhun ma'aikata a ƙauyukan haƙa tun yanzu, su riƙa fitar da sakamakon kowace shekara. Na huɗu, a fassara yarjejeniyoyin raya al'umma da rahotannin muhalli zuwa Hausa da harsunan yankin, a karanta su a rediyo da dandalin ƙauye. Na biyar, majalisar dokokin jiha ta keɓe wani kaso na kuɗin ma'adinai domin bincike da makarantun ƙauyukan haƙa, ta yadda ba za a karkatar da shi ba idan gwamnati ta sauya.

Game da ƙirƙira kuwa, ya kamata a yi wa jama'a alƙawarin da za a iya cikawa. Ƙera ƙwayar batir yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da jarin biliyoyin daloli da sinadarai da dama, don haka wanda ya ce gobe Nasarawa za ta fara fitar da batirin mota, siyasa yake yi. Amma akwai matakan da hannu zai kai. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shaguna da gidaje da asibitoci suna komawa sola, kuma yawancin irin waɗannan na'urorin sola suna buƙatar batir. Harhaɗa ƙwayoyin batir, ƙera allon da ke kula da cajinsu, gyara waɗanda suka lalace da tattara matattu domin sake sarrafawa, duk ayyuka ne da matashin da ya iya gyaran waya a kasuwar Keffi ko Mararraba zai ƙware a kansu idan ya samu horo da ƙa'idar inganci. A Maris ɗin 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya aza harsashin masana'antar ƙwayoyin sola ta NASENI a Gora, kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Sola a Gora, litiyam a Nasarawa, jami'a a tsakiya: babu dalilin da zai sa a riƙa tsara su kamar ba su san juna ba.

Taken Jihar Nasarawa tun bayan ƙirƙiro ta a 1996 yana alfahari ne da ma'adinai, kuma taken bai yi ƙarya ba. Sai dai Filato ma ta taɓa yin irin wannan alfahari. Yarjejeniyoyin da ake sa wa hannu a 'yan shekarun nan za su ɗaure jihar na tsawon lokaci, domin babban lasisin haƙa yana kaiwa shekara 25, kuma sharaɗin da ba a rubuta tun farko ba yana da wuyar shigarwa daga baya. Tun ran gini ake zane. 'Yan majalisar da ke wakiltar shiyyar Keffi, da hukumar jami'ar, da masarautun yankin, su ne ya kamata su nemi a fito da takardun a karanta wa jama'a, su kuma tambayi kowane kamfani yara nawa ya mayar makaranta, injiniyoyi nawa ya yaye, kuma a ina yake zuba dusarsa.